Ciwon Da Aka Ƙaga Wa Fadila

Ranar da Hammanjoda ya shigo gida da sikeli, Fadila ta zaci wani ɗan murhun lantarki ne ya sayo mata. Ya ajiye shi a tsakiyar falo, ya ce ta tuɓe takalmi ta hau. Ta hau tana dariya. Allurar ta yi ta gudu, ta je can ƙarshe ta tsaya tana rawa. Ya sunkuya ya duba, ya ɗago yana girgiza kai.

"Kilo ɗari da ashirin da takwas," ya ce. "Buhun masara har da ɗoriya. Ke ko nauyin jikinki ba ya damunki?"

Ta daina dariya, ta sauko daga kan sikelin. Shekara goma sha shida suna tare, 'ya'ya uku, bai taɓa yi mata magana da irin wannan muryar ba.

Farkon daminar 1994 ne, wata biyu da ba shi darakta a ma'aikatarsu. An ba shi motar Fijo da direba. Gidansu na unguwar Turaki a Jalingo ya fara cika da sababbin abokai, irin ma'aikatan da sabuwar jiha ta kwaso daga Yola da Kaduna da Legas, waɗanda matansu ke tuƙa mota suna sa leshin da ya kama ƙugu.

Tun daga ranar, kowace safiyar Juma'a sai ta hau sikelin kafin ya fita. In allura ta ja baya ba ya cewa komai. In ta ƙara gaba, sai ya kwana biyu bai amsa gaisuwarta ba. A sati na uku ya sa wa sito kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Kullum da safe shi ke auno abin da za a dafa. Ita kuma ya yanka mata nata: dafaffen zogale ba mai ba ƙuli, da ruwan zafi da lemon tsami. Haka za ta tuƙa tuwon shinkafa, ta yi miyar taushe, ta soya kaji, ta kai wa baƙinsa, ta dawo kicin ta zauna a kan turmi da kwanon ganye a cinya, ƙamshin abin da ta dafa da hannunta ya cika kicin ɗin.

Wata Asabar ana suna a gidan wani abokin aikinsa. Ta yi wanka, ta ɗaura atamfar da ya fi so, ta fito da gyale a kafaɗa. Ya dube ta tun daga sama har ƙasa.

"Ina zuwa?"

"Ba yau ne sunan ba, Baban Jamil?"

"Akwai wanda zan ɗauka a hanya. Motar ba za ta ishe mu ba."

Ta koma ɗaki. Ta taga ta ji wanda ya zo ɗin yana tambayar ina madam, ta ji mijinta yana cewa, "Ba ta ɗan jin daɗi ne." Su biyu ne da direba suka tafi.

Da wata ya zagayo jiri ya fara ɗibar ta. Ran nan tana tarar ruwa a famfo idonta ya rufe, sai farkawa ta yi ta ga matan makwabta a kanta, goshinta na jini. Washegari Hammanjoda ya ce ta shirya, Yola za su je a duba ta.

Wani asibitin kuɗi ne. Aka ɗebi jininta, aka shafa mata wani abu mai sanyi a ciki aka ɗauki hoto. Da aka gama likitan ya ce ta jira a waje, ya rufe ƙofa shi da mijinta. Ta daɗe a kan benci tana jin Turancinsu yana tashi yana sauka. Ita allo ta yi, da aji uku na firamare a Iware. Tana iya haɗa baƙin Hausa a hankali, Turanci kuwa sai gaisuwa.

Suka kamo hanyar gida har suka wuce Mayo Belwa. Can ya kamo hannunta, abin da ya manta da shi tun bara.

"Fadi, sai dai ki yi haƙuri. Ƙari suka gani a cikinki. Shi ke sa ki jiri, shi ke kumbura ki. In ba a cire shi da wuri ba, likita ya ce ba zai iya cewa komai ba."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Akwai asibiti a Legas, wani Bature yana zuwa sau biyu a shekara. Na sa a saka sunanki. Ko me zai ci zan yi."

Ta yi kuka har Jalingo. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu mai kama da sanyi. Ashe ba laifinta ba ne. Ashe ciwo ne. Kuma ga mijinta ya dawo mata. A daren ranar ya cire kwaɗon sito. Ya daina fito da sikeli. Yana dawowa daga ofis da tsire a takarda, ya zauna bakin gadonta su ci tare. Da ya kawo wata takarda ya ce ta dangwala, ta miƙa babban yatsanta ba ta ko tambaya ba.

Aka sa rana, sati uku. Ta fara sallamar duniya kamar yadda ake yi in za a shiga ɗakin tiyata. Ta bi makwabta gida gida tana neman gafara. Ta sa aka rubuta wa yaranta wasiƙa a makarantar kwana, ba ta faɗa musu ba, ta ce dai su riƙe salla su ji maganar babansu. Ta ware kwallayenta da zannuwanta, ta ce wa yayanta Jibrilla in ba ta dawo ba na 'yarta ne. Ta je Iware ta durƙusa gaban mahaifiyarta.

"Dada, ki yafe mini nonon da na sha."

Tsohuwar tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago ba. "Na yafe. Ki bi abin da mijinki ya ce, za ki dawo lafiya."

Saura kwana tara, Hammanjoda ya tafi taro Abuja. Ya bar wa Jibrilla ambulan ɗin takardun asibiti, ya ce ya kai ta a auna mata jini sau uku kafin tafiya, haka mutanen Legas suka nema. Jibrilla akawu ne a ma'aikatar da Hammanjoda ke darakta. Ranar Laraba aka riƙe Jibrilla a ofis, ya aiko mata da ambulan ɗin a liƙe, ya ce ta bari sai gobe. Ita kuwa ta ga ɗan asibitin unguwa ba nisa, ta yafa gyale ta taka.

Laraba ce ranar masu hawan jini da ciwon suga. Mata ne cike da baranda, yawancinsu masu jiki kamarta, suna hira suna shewa kamar a gidan biki. Wata baƙa mai faɗin fuska ta matsa mata a benci.

"Zauna nan, 'yar'uwa, wannan bencin ya saba da mu. Sunana Hajara, ni ke waina a bakin masallacin Turaki B."

"Ni Maman Jamil."

Wadda ke auna jinin wata dattijuwa ce mai furfura da tabarau, Madam Beatrice, mutuniyar Wukari. Ta yi shekara talatin tana aikin nas, ta yi ritaya, amma duk Laraba sai ta zo ta taimaka. Da layi ya zo kan Fadila, ta naɗa mata abin awo a dantse, ta matsa, ta saurara.

"Ya ɗan hau, amma ba na tsoro ba ne. Me ya kawo ki?"

"Aiki za a yi mini a Legas. Ƙari ne a cikina. Sun ce a rubuta awon a takardar nan."

Beatrice ta farke ambulan ɗin, ta gyara tabarau. Ta karanta shafin farko, ta juya, ta koma farko. Ta ɗago ta kalli Fadila, ta sake kallon takardar. Sannan ta tashi ta ja ƙofa.

"Maman Jamil, wa ya gaya miki ƙari?"

"Maigidana."

"Likita fa? Da bakinshi?"

"Da maigidana ya yi magana."

Beatrice ta zauna, ta ajiye takardun a kan tebur ta dafa su da tafin hannu. Hausarta irin ta kasuwar Jalingo ce, ba ta damu da namiji ko mace ba, amma ba ta da kwana.

"Ki ji ni da kyau. Wannan hoto ya ce cikinki lafiya, ba ƙari, ba komai. Jini ya ce kina da ƙarancin jini, yunwa ne, shi ya sa kin faɗi. Wannan takarda na biyu, na Legas, aiki ne na rage jiki. Za su buɗe ciki, su ɗinke tumbi, su bar ɗan kaɗan kamar kofin shayi. Bayan haka cokali uku, huɗu, kin ƙoshi. Har ƙarshen rai."

Fadila ta yi murmushi, irin na wanda bai gane ba. "A'a, Madam. Wataƙila takardar wata ce."

"Fadila Hammanjoda. Wannan ba yatsanki ba ne?"

Ta ga shuɗin dangwalenta a ƙasa.

"A nan an rubuta, ni Fadila, an yi mini bayani, na gane, ni na nema don ƙiba ya dame ni. A nan kuma wanda ya fassara miki da Hausa da Fulatanci ya sa hannu." Ta kai yatsa kan wani sa hannu mai jela. "Jibrilla Manga. Kin san shi?"

Sa hannun ta sani. Shi ne a kan katin aurenta.

"Ba na ce aikin mugu ne ba," in ji Beatrice a hankali. "Akwai wanda ya taimaka ma. Akwai wanda bai tashi ba. Akwai wanda ya dawo yana amai wata da watanni, kuma in ya lalace miki a nan, wa zai gyara? Likitan ya koma ƙasarsu. In kin ji duka kin ce kina so, jikinki ne, ni zan raka ki tasha. Amma ba a yanka mutum da ƙarya. Ko akuya ana nuna mata ruwa kafin a yanka ta."

Ta fito baranda da takardun a hannu. Hajara ce ta tare ta, ta zaunar da ita, ta yi ta yi mata fifita da gefen gyale, ba ta tambaye ta komai ba.

Daga nan Nukkai ta wuce, gidan Jibrilla. Ta same shi ya dawo cin abincin rana. Da ya ga ambulan a farke, lomar ta tsaya masa a hannu.

"Hamma Jibrilla, da wane yare ka yi mini bayanin? Da Hausa ko da Fulatanci? Na manta."

"Fadila, zauna mana."

"Na ba ka kwallayena, na ce na 'yata ne in na mutu. Ka karɓa. Har ka ce Allah ya sa kaffara ne."

"Don Allah ki saurare ni. Mutumin nan ya kira ni ofishinsa, ya ce in an gaya miki gaskiya tsoro zai hana ki. Ya ce don lafiyarki ne. Kuma ai ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, ƙiba ma ciwo ce, kowa ya sani."

"To me ya hana ka gaya mini haka?"

Ya share hannu a gefen kwano. "Ke ba ki san ofis ba. Shi ya ɗauke ni aiki. Yau in ya ga dama ya tura ni can Gembu mai nisa, wa zai riƙe mini yaran nan? Kuma ke ma ki duba, miji nawa ne zai ɗauki matarsa a jirgi har Legas? Wani da tuni ya..."

"Ƙarasa."

"Aurenki nake ceto, Fadila."

"Da cikina," ta ce. Ta ɗauki ambulan ɗinta ta fita. Matarsa na kiranta ta zo ta sha ruwa, ba ta waiwayo ba.

Hammanjoda ya dawo ran Asabar da hantsi, da tsarabar tuffa da wani bargo mai laushi, wai saboda sanyin asibiti. Ta bari ya yi wanka ya ci abinci. Sannan ta ajiye takardun a gabansa.

"An karanta mini."

Bai firgita ba. Ya ɗauki tsinken sakace. "Wa?"

"Wadda ta ji tsoron Allah."

"To, tunda kin ji, kin hutar da ni. Ba abin da ya canja. Jirgi ran Juma'a ne."

"Baban Jamil, sati biyu ina kwana da likkafani a raina. Na nemi gafarar mutanen da ban yi wa komai ba. Kana kallo."

"Da na ce miki aikin rage ƙiba ne za ki je?"

"A'a."

"To kin gani." Ya buɗe hannuwa kamar wanda ya ci shari'a. "Ke ba ki san abin da nake haɗiya ba. Ranar da aka yi liyafar ma'aikata kowa da matarsa, ni kaɗai kamar gwauro. Ana tambayata, ina ƙarya. Akwai kujerar da ake duba mutum da iyalinsa kafin a ba shi. Ni na tsaya a darakta ke nan saboda ba kya iya rufe bakinki?"

"Wa ke kawo mini ƙwayoyin nan daga Yola bayan haihuwar Jamil? 'Yan ƙanana farare. Ka ce matar ma'aikaci ba ta zama kamar sillen kara, mutane za su ce ba ka ciyar da ni. Shekara huɗu ina sha, kai kake ɓare mini."

"Wancan zamani daban."

"Jikin dai ɗaya ne. Da ka so shi babba ka hura shi. Yanzu kana son shi ƙarami za ka kai a yanka. Ni ina a ciki, Baban Jamil? Ko ba kowa a cikin jikin?"

Ya miƙe. "Ban da lokacin wannan. Ki haɗa kayanki."

"Ba za ni ba."

Ya tsaya a bakin ƙofa, ya juyo. Tunda suke ba ta taɓa ce masa a'a ba, har ya rasa fuskar da zai yi mata. Da la'asar kwaɗo ya koma ƙofar sito.

Litinin da sassafe, bayan ta idar da salla gari ya fara haske, aka yi sallama. Hajara ce, da wasu tsofaffin takalman kambas a leda.

"Madam Beatrice ta ce in zo da ke. Ki gwada, ƙafarmu kamar ɗaya ce."

Filin makarantar firamare ne a bayan unguwa. Mata goma sha ɗaya, wasu da hijabi, wasu da siket da ɗankwali. Akwai malamar makaranta, akwai mai sayar da doya, akwai matar fasto. Shekara biyu ke nan suna haɗuwa kafin yara su zo, su zagaya filin, mai iya uku ta yi uku, mai iya goma ta yi goma. Ba sikeli. Beatrice ta ce ranar Laraba a auna jini, hawansa ke kisa, sauran kuwa zane ne zai gaya wa mai shi.

Zagaye ɗaya da rabi Fadila ta yi, numfashinta ya ƙare, cinyoyinta na zafi. Ta tsaya ta dafa bishiyar dalbejiya, kunya ta rufe ta. Hajara ta dawo da baya ta tsaya tare da ita.

"Ni ranar farko rabi na yi, aka kai ni gida a amalanke. Tambayi kowa."

"Ƙarya take," wata ta ɗaga murya daga gaba, "amalanken ma ƙi ya yi!"

Aka fashe da dariya, har da Hajara. Fadila ta ji dariya ta kuɓuce mata, irin wadda rabonta da ita tun ranar da ta hau sikeli. Daga dariyar kuka ya ɓalle. Matan suka dawo suka kewaye ta. Ba wadda ta ce ta yi haƙuri. Aka shimfiɗa tabarma, aka buɗe fulas ɗin kunun gyaɗa marar suga, aka miƙa mata kofi cike.

"Sha duka," in ji Beatrice. "Yunwa ba magani ba ne. Za mu koya miki ci, ba bari ba."

Ta gaya musu komai. Matar fasto ta riƙe baki. Mai doya ta ce nata mijin a gaban baƙi yake kiranta tankar ruwa, shekara tara ke nan. Malamar makaranta ta ce ita shayin rage ƙiba ta sha har ta kwanta asibiti. Fadila ta yi ta kallonsu. Duk zaman da ta yi a kicin tana ganin ita kaɗai Allah ya jarraba.

Ran Juma'a direba ya fito da mota tun ƙarfe shida, Jibrilla na tsaye da jakar tafiya. Fadila ta fito da kambas a ƙafa. A ƙofar gida mata goma sha ɗaya ne a tsaye, sun gai da maigida da ladabi, sun ce sun zo tafiya da Maman Jamil fili. Makwabta sun fara leƙowa. Hammanjoda ya dubi matan, ya dubi tagogin unguwa, ya yi murmushi ya ce a sauka lafiya. Ya fi tsoron idon mutane fiye da komai, ita kuma ta san haka.

Ta zaci magana ta ƙare. Bayan kwana uku ta fara jin barka daga bakin mutane. Ashe ya bi gari yana cewa an sake hoto, ƙarin ya narke, addu'ar bayin Allah ta ci. Ya sayi rago, ya sa ranar walimar godiya.

Ranar Lahadi gida ya cika. An kafa rumfa, maza a waje, mata a tsakar gida. Dada ta zo daga Iware. Fadila ta ja ta ɗaki ta rufe ƙofa, ta zauna a ƙasa ta kama ƙafafunta. Ita kaɗai ta rage mata.

"Dada, ƙarya ce. Ban taɓa yin ƙari ba. Shi da Hamma Jibrilla suka haɗa baki za su kai ni a ɗinke mini tumbi."

Tsohuwar tana ta murza carbi.

"Dada, kin ji ni?"

"Na ji. Jibrilla ya zo ya gaya mini tun kafin ki zo neman gafara."

Fadila ta saki ƙafafun.

"Me kike so in yi?" in ji Dada. "Ya ce mutumin ya gaji. Na auna, na ga gara wuƙar likita da takardar saki. Wuƙa ana warkewa. Mace mai 'ya'ya uku, da wannan jikin, in ta fito wa zai kwasa? Ni na haife ki, ba zan so ki da sharri ba. Yanzu tunda Allah ya rufa asiri, ki fita ki amsa barka, ki yi shiru."

"Na durƙusa a gabanki ina sallama da ke."

"Na sani."

"Kina ɓarar gyaɗa."

Dada ta kau da kai.

Fadila ta tashi, ta gyara ɗaurin zanenta, ta buɗe ƙofa. Mata suka ɗauki guɗa. Wata tsohuwar makwabciya ta kamo hannunta tana hawaye, tana cewa azumi uku ta yi mata. Wannan ne abin da Fadila ta kasa haɗiyewa. Ta tsaya a tsakiyar gida, ta ɗaga murya yadda na rumfa ma za su ji.

"Iya, Allah ya ba ki ladan azuminki. Amma ban yi ciwo ba. Ba ƙarin da ya narke, don ba a taɓa yin sa ba. Maigidana ne yake jin kunyar jikina, ya shirya a kai ni Legas a yanka ni ban sani ba. Yayana ya sa hannu. Uwata ta sani. Ga nama nan, wanda zai ci ya ci, amma kada wanda ya ce mini barka."

Sai ƙarar cokali da ya faɗi a kan siminti.

Kafin magariba takardar ta iso, saki ɗaya, a cikin ambulan ɗin ofis.

Ba ta je Iware ba, ba ta je Nukkai ba. Hajara ce ta kwashe buhunan shinkafar wainarta daga ɗaki guda, ta share, ta shimfiɗa mata katifa. Mai doya ta kawo murhu. Matar fasto ta kawo labule. Beatrice ta raka ta makarantar yaran, ta tsaya a waje har ta gama gaya musu da bakinta.

A gari kuwa an yi maganar har ƙarshen damina. Aka ce ta tona wa mijinta asiri a gaban manyan mutane. Aka ce ta kunyata uwar da ta haife ta. Aka ce matan filin nan ne suka hure mata kunne, dama taron zawarawa da marasa ta-ido ne. Har aka samu masu cewa ina ma su aka yi wa tayin jirgi zuwa Legas. Ba a ji wanda ya tsaya ya tambaya ba, da ta mutu a kan teburin nan, me za a gaya wa 'ya'yanta ya kashe ta. Amsar dai a shirye take, mutum uku sun riga sun haddace ta, kuma da an yi zaman makoki an ce Hammanjoda ya yi iya ƙoƙarinsa.

A shekarar aka ƙara masa girma. Jibrilla bai je Gembu ba.

Wata safiya, bayan sun gama zagaye suna zaune a tabarma, Hajara ta ce mata Dada ta aiko, tana son ganinta.

Fadila ta daɗe tana kwance igiyar takalminta.

"Zan je," ta ce. "Uwata ce, zan gaishe ta, in kai mata sabulu. Amma in na yi ciwon gaske, Hajara, ku za ku kai ni asibiti. Kuma ku shiga da ni har gaban likita. Kada ku bari a rufe ƙofa ina waje."